Manhajar rabon aikin gida muke ginawa, amma ni kaɗai aka bar wa aikin

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku, ina karanta kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a nan Arewa. A wannan zangon aka raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, aka ce kowane rukuni ya gina manhajar da ake buɗewa a burauza. Tamu ta rabon aikin gida ce: wa zai yi shara, wa zai yi wanke-wanke, wa zai je cefane. Maza uku ne, mu mata biyu. Saura mako biyar mu tsaya gaban malamai mu kare aikin, kuma maki ɗaya za a ba mu gaba ɗaya.

Anti, wallahi na gaji. Rumbun bayanai ni na tsara shi, shafin shiga ni na rubuta. Shugaban rukuninmu a kwamfutarsa yake ajiye komai, sai ya dunƙule fayil ya turo mana ta WhatsApp, kuma sau biyu ana danne mini aikin kwana uku ta haka. Na biyu ya ce aikin gida harkar mata ce, don haka rahoton ma ni zan rubuta tunda na fi sanin kan abin. Na uku sai dai ya kwaso kod daga ChatGPT ya liƙa, in an tambaye shi me wannan layin yake yi ya ce ai dai yana aiki. 'Yar'uwata macen kuwa matar aure ce mai goyo, ba ta cika zuwa zama ba, in ta zo ma rabin hankalinta na gida.

Abin da ya ƙarasa karya mini gwiwa: a cikin manhajar mun sa maki a kan kowane aiki, da jerin gwanayen mako, da wurin hira, shugaban ma yana so a ƙara biyan kuɗi. Na nuna wa mahaifiyata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce to ita wa zai ba ta makin, kuma Auta da ba shi da waya ta ina zai ga an sa shi ɗibar ruwa?

In kai ƙararsu wurin malami in ƙarasa ni kaɗai ne, ko in jawo wani gwani a ajinmu ya taya mu a ɓoye?

Ɗaliba, daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, karo na biyu ina murmushi, ki yi mini afuwa. Mutum biyar sun taru za su koya wa gidajen jama'a yadda ake raba aiki, su kuma sun tara wa mutum ɗaya kwanukan. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma na san zafin da kike ji, don na taɓa wayar gari na tarar an danne mini aikin mako guda da tsohon fayil, na zauna a bakin gado na rasa ko kuka zan yi ko dariya.

Hanyoyi biyun da kika kawo, babu wadda zan ce ki bi a yau.

Gwanin ɓoye ki cire shi daga ranki ɗungurungum. Na farko, maguɗi ne, kuma ranar kare aiki tambaya ɗaya ta isa ta tona ku: malami ya nuna layi ya ce a bayyana, ku biyar ku kama kallon juna. Na biyu, ko da halal ne ba zai cece ku ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙo sai an zaunar da shi an koya masa inda komai yake, kuma ke ce za ki yi koyarwar. Sannan ki lissafa: tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin magana 10, da kin ƙara na shida sun zama 15. Ku da goman ma ta gagare ku.

Ƙarasawa ke kaɗai kuwa, za ki iya, na yarda. Sai dai kina da wasu darussan, ga jarrabawa na tafe, kuma in kin yi hakan kin koya wa mutum huɗu cewa in suka noƙe akwai mai ɗauka. Su wuce da maki, ke ki wuce da ciwon kai.

Yanzu bari in faɗa miki wadda ba za ki so ji ba. Laifi tudu ne. A duk wasiƙarki ban ga inda kika ce kun zauna kun rubuta wane ne zai yi mene ne, zuwa yaushe ba. Abin da na gani shi ne ke kina ganin gurbi ki cike shi, kina yi kina cika kina batsewa. Kin san babbar 'ya a gida, wadda za ta tashi ta wanke kwanuka tana buga su da ƙarfi don a ji haushinta, amma ba za ta buɗe baki ta ce wane yau kai ne ba? To ita kika zama. Ƙannenta kuwa sun saba da ƙarar kwanukan, barcinsu suke sha.

Wannan cuta tsohuwa ce. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya ɗaya-ɗaya, sannan a taro, ya wallafa abin da ya gani a 1913: duk lokacin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane mutum ke sawa raguwa yake yi. Manomanmu ba su jira shi ba. A aikin gayya ba a cewa jama'a ga gona nan ku nome, a juya baya. Kowa kunyarsa yake kamawa, a jere, ga makaɗi yana zuga wanda ya yi gaba, wanda aka bari a baya kuma kowa na ganinsa. Rukuninku ba shi da kunya-kunya, shi ya sa babu mai jin kunya.

Saboda haka abu na farko, a cikin makon nan, ku bar tura fayil ta WhatsApp. Ku buɗe ma'ajiya a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, kyauta ce, kuma kuna iya rufe ta yadda ku biyar kaɗai za ku gani. Git, manhajar da ke ƙarƙashinta mai riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa kod, Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro shi a 2005 don ɗimbin mutanen da ke rubuta Linux daga ƙasashe daban-daban ba tare da sun danne wa juna aiki ba, wato daidai matsalarku. Kowa ya yi aiki a reshensa, wato nasa kwafin aikin, in ya gama ya nemi a haɗe, wani daga cikinku ya duba kafin a shigar. In mutum biyu sun taɓa layi ɗaya, Git zai tsaya ya ce ku zaɓa, ba zai haɗiye na ɗaya ya yi shiru ba. Kuma duk abin da aka shigar yana ɗauke da suna da rana. Akwai ma umarnin da sunansa blame, wato ɗora laifi, mai nuna miki wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Yini ɗaya ya ishe ku ku koyi abin da kuke buƙata. Sai dai kada ki mai da yawan shigarwa ma'aunin ƙwazo, don mutum na iya gyara waƙafi sau arba'in ya fi kowa yawan suna.

Dabarar da za ki yi da shugaban ita ce kada ki yi jayayyar sarauta da shi. Mutumin da ya rungume komai a kwamfutarsa yawanci tsoron a ƙwace masa girma yake yi. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban sauran ba, ki tambaye shi: in kwamfutar nan ta faɗa ruwa ko aka sace ta a ɗakin kwana, me za mu nuna wa malamai? Sannan ki bar shi ya buɗe ma'ajiyar da hannunsa, ya sanar a matsayin shawararsa. Ke aikinki kike so ya tsira, ba kirari ba.

Abu na biyu allo ne mai gida uku: ba a fara ba, ana kai, an gama. Daga masana'antun Toyota a Japan wannan tsari ya fito, suna ce masa kanban. Ku yi shi a Trello, manhajar da aka yi don irin wannan allo, ko a cikin GitHub ɗin, ko ma a bayan tsohuwar kalanda ku ɗauki hoto. Kowane kati suna ɗaya, rana ɗaya. Katin da ke ɗauke da suna biyu maraya ne. Kada aikin kati ya wuce na kwana biyu. In ya wuce, a fasa shi gida biyu. Kuma ku yi yarjejeniya a kan ma'anar an gama: ba wai yana aiki a kwamfutata ba, a'a, wani ya buɗe a wayarsa ya gwada ya ga ya yi.

Sai mutanenki, don ba ciwo ɗaya ke damun su ba.

Mai ChatGPT kada ku hana shi, ba zai hanu ba, kuma kayan aiki ne kamar sauran. Ku fara duba abin da malaminku ya yarda da shi a kan haka. Sannan doka ɗaya, wadda ta hau kan kowa har ke: ba a haɗe kod sai mai shi ya bayyana wa mutum ɗaya abin da yake yi, layi-layi, da bakinsa. Zai yi fushi kwana biyu. A rana ta uku zai fara tambayar na'urar ta bayyana masa maimakon ta rubuta masa kawai, kuma daga nan karatu ya fara.

Mai cewa harkar mata ce, ba sai kin ɗaga murya ba. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Hadisin yana cikin Bukhari. In kuma alƙaluma yake so, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 cewa mata ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya, kimanin awa 4 da minti 25 a rana, maza kuma awa 1 da minti 23. Wannan ya shiga babin farko na rahotonku, shi ne dalilin aikin. Amma ki lura da wayon da ya yi miki: ya fake da raina aikin gida ya sauke miki rahoto. Rahoton manhaja ba na mace ba ne ba na namiji ba, kowa ya rubuta babin abin da ya gina. Ku ba shi lissafin zagayen aiki da zan yi bayani nan gaba, ya gani ko harkar mata tana da sauƙi.

Mai goyo kuwa, a nan ne na ga kin yi kuskure mafi tsada. Kin lissafa ta cikin masu gudun aiki, alhali ita kaɗai ce a cikinku take tafiyar da gida da gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai ta zo zaman ƙarfe huɗu ba, lokacin da tukunya ke jiran ta. Ku ba ta abin da za ta yi daga tsakar gidanta: ta zanta da mata biyar ko shida na unguwarsu da danginta, ta rubuto yadda aiki ke zagayawa a kowane gida, ta zana shafukan a takarda, sannan ta zama mai gwaji da wayarta. A kamfanonin manhaja wannan aiki ne da ake ɗaukar mutum musamman a biya shi albashi. Ki kira ta, ki fara da tambayar lafiyar yaron, sannan ki tambaye ta wane lokaci ne nata. Zai iya zama bayan isha'i.

Yanzu mu zo kan dariyar Hajiya, wadda a wurina ta fi duk abin da ke cikin wasiƙarki daraja. Kyauta ta ba ku abin da ya kamata ku nema tun makon farko.

Tsarin da kuka kwaikwayo, mai maki da gwanin mako, an yi shi ne don wani irin gida: samari ko 'yan mata uku da suka haɗa kuɗin haya a Landan ko wani birni na Amurka, kowa baligi, kowa da wayarsa, babu mai iko da wani, ko kuma iyaye masu 'ya'ya biyu da ke biyan yaro ladan gyara gado. Ki dubi gidanku. Akwai mai sa aiki, akwai wanda ake sawa, kuma ba sa musanya matsayi. Hajiya ba ta takara da Auta. In manhaja ta nuna cewa amarya ta fi uwargida maki a wannan makon, ba rabon aiki kuka kawo ba, ashana kuka ƙyasta. Ku cire makin da jerin gwanayen. Wurin hira ma ya bi su, kowane gida yana da zaurensa na WhatsApp. Biyan kuɗi kuwa aiki ne mai zaman kansa, ku sa shi a shafin ƙarshe na rahoto, cikin abubuwan da za a iya yi nan gaba, shugaba ya ga an ambace shi.

Tambayar Auta ita ce za ta gyara miki rumbun bayanai. Ina kyautata zaton kin yi teburi ɗaya na masu amfani, kowa da imel da kalmar sirri. Ki raba shi biyu. Ɗan gida daban, mai asusu daban. Gida na iya samun mutum goma sha huɗu, masu shiga manhajar biyu kacal. Auta, da kaka, da yarinyar da ke taya aiki, da almajirin da ke zuwa shara da safe, duk sunaye ne a cikin jadawali, ba sa buƙatar waya. Teburanki ba za su wuce biyar ko shida ba: gida, 'yan gida, masu asusu, ayyuka, zagaye, da tarihin abin da aka yi. Tunda kuma na ambaci 'yar aiki da almajiri, ga ra'ayina ko ba ki tambaya ba: kada ku gina abin da zai zama bulalar bin diddigin yaron da ba shi da bakin magana. In manhajar za ta nuna wani abu a kansu, ta nuna wa uwar gida yawan abin da aka jibga wa mutum ɗaya.

Ta ina Auta zai gani? Ta inda ya saba gani. Maɓalli ɗaya da zai fitar da jadawalin mako a shafi guda, a buga a liƙa a ƙofar kicin. Maɓalli na biyu ya tura jadawalin yau zuwa WhatsApp. Akwai mahaɗin wa.me da ke buɗe manhajar da rubutu a shirye, ba ya cin ko kwabo, saɓanin saƙon tes da sai kun biya. Shafukan su zama marasa nauyi, don a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi da ragowar data za a buɗe su, ba a kwamfutar shugaba ba.

Zuciyar aikinku kuwa, inda malamai za su gane kun yi tunani, ita ce zagaye. Mu mun daɗe da tsarin zagaye mai tsauri: girki kwana bibbiyu a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wanda kowa ya san ranarsa ba tare da takarda ba. Lissafinsa ba wuya. A ce 'yan mata uku ke karɓa-karɓar wanke-wanke kwana bibbiyu. Ki ƙirga kwanakin da suka wuce daga ranar farawa, ki raba da biyu ki jefar da ragowa, abin da ya fito ki raba da uku ki riƙe ragowar. Kwana 17 da farawa: 17 a raba da 2 ya ba da 8, 8 a raba da 3 saura 2. Tunda daga sifili ake ƙirge, ta uku ce. Da wannan ba sai kin cika rumbu da jadawalin shekara ba, kowace rana manhaja ta lissafa da kanta.

Wahalar tana wurin da rayuwa ta karya lissafin, kuma a nan mai goyo za ta fi ku duka amfani. A gidaje da yawa da yamma ake karɓar girki, ba da sha biyun dare ba, don haka ranar manhajarku tana buƙatar lokacin juyawa da kowane gida zai saita. Wata ta haihu ta tafi wankan jego gidansu, wani ya koma makarantar kwana, wata ba ta da lafiya ta ce a riƙe mata yau za ta rama jibi. Fitar mutum daga zagaye ba ɗaya ba ne da musanyar rana ɗaya, kuma in kuka goge sunan wanda ya yi tafiya, tarihin baya zai rikice. Ku sa masa alamar ba ya nan kawai. Akwai aikin kullum kamar shara, akwai na mako kamar wanki da guga, akwai na sai ta kama kamar kai niƙa ko sayo gas da gawayi, akwai kuma na Asabar ɗin ƙarshen wata da kuka sani a Kano, ranar tsaftar muhalli, wadda ba ta da tsayayyen kwanan wata. In azumi ya zo, jadawalin gaba ɗaya juyawa yake yi, girkin rana ya tafi, sahur da buɗa-baki su shigo, kuma watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ba za ku kafe shi a kalandar Bature ba. Ba na ce ku warware duka ba. Ku warware musanya da fita daga zagaye da kyau, ku ba gida damar ajiye jadawali biyu ya sauya da hannu, sauran ku rubuta su a rahoto a matsayin abin da kuka gano.

Ƙananan tarkuna guda uku, tun kafin su kama ku. Sabar, wato kwamfutar intanet da za ku ɗora manhajar a kanta, mai yiwuwa tana bin agogon duniya na UTC, Najeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya, don haka tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya za ta riƙa nuna aikin jiya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, in rumbun bayananku na MySQL ne kuma yana kan tsohon tsarin haruffa na latin1, Ɗanladi da Ƙasimu za su fito da alamar tambaya a goshi. Ku saita shi a tsarin utf8mb4, mai ɗaukar haruffanmu, tun yanzu. Kalmar sirri kuma ba a ajiye ta tsirara, ko Django kuke gina manhajar da shi ko Laravel, duk suna da hanyar murɗe ta a shirye yadda ba za ta karantu ba, kada mai ChatGPT ya ƙirƙiro tasa. Kuma tunda za ku riƙe sunayen yara, ku sani Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi yardar iyaye ko mariƙi kafin a sarrafa bayanan yaro. Kada ku karɓi hoto ko ranar haihuwa ko adireshi, ba ku buƙatar su. Sunan da ake kiran mutum da shi a gida ya wadatar.

Mako biyar ya isa in kun yanke abin da na ce. Na farko na Git ne da allo da zantawa da gidaje. Na biyu da na uku gini. Na huɗu ku sa manhajar a gidaje uku na gaske ta yi kwana bakwai, ku rubuta duk inda aka yi tsaki. A na biyar ba a ƙara sabon abu ko wa ya roƙa, sai gyara da rahoto da atisayen tsayuwa, kowa ya amsa tambaya a kan ɓangaren wani. Ku naɗi bidiyon manhajar tana aiki ku ajiye a waya biyu, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wuta da intanet sun san ranar da ake buƙatar su.

Maganar malami ban rufe ta ba, jinkirta ta na yi. Ki ba allon kwana goma. In katin wani bai motsa ba, kuma an tambaye shi ko lafiya bai kawo uzuri ba, sai a je. Ki faɗa wa rukunin tun ranar farko cewa haka za a yi, kada ya zama kin zagaya ta bayan gida. In kun je kada ki ce Malam wane ba ya komai, don malamai sun gaji da jin wannan kuma ba su da hanyar tantancewa. Ki buɗe masa allon da tarihin Git, ki roƙi abu biyu: a yarda ku sa shafi a rahoto mai nuna abin da kowa ya yi, kowa ya sa hannu, sannan ranar karewa a tambayi kowa a kan ɓangarensa. Ko ya raba makin ko bai raba ba, wannan hukuncinsa ne. Ke dai tarihin da ke GitHub da sunanki zai bi ki zuwa neman wurin horon aiki, inda za a ce nuna mana abin da kika taɓa ginawa.

Gidan farko a cikin ukun da za ku gwada manhajar ya zama naku. Ki zauna kusa da Hajiya, ki miƙa mata wayar, ki ɗaure hannuwanki a baya, kada ki nuna mata inda za ta taɓa. Ki tambaye ta abin da take riƙewa a ka wanda ba wanda ke gani: ranar da gas zai ƙare, wa ya kai niƙa wancan karon, wa ya yi musanya da wa bai rama ba. In ta sake yin dariya, ki duba a wane shafi ne ki rubuta. Ki gaishe mini da ita, da Auta.